Kifaffiyar Tukunyar Jatau

Tsofaffin garin Kukar Gwamma sun ce ranar da Gwamma ta fara ganin Jatau, tana sharar gindin kukar tsafi ne, shi kuwa ya ɓullo daga daji da kwari a kafaɗa yana neman ruwa. Ta ba shi. Ya sha, ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙa mata ƙoƙon.

A wancan zamani Gwamma ce mai kula da tsafin garin, kuma kowane abu a gindin kukar da ma'anarsa. Farin ƙyalle roƙon ruwan sama ne, jan gashin zakara neman haihuwa. Amma tukwane sun fi komai nauyi. Duk namijin da zai shiga daji sai ya ajiye tasa baki sama. Idan aka tarar da ita a kife, an sallama shi ga matattu. Ko ya dawo da ƙafarsa, fatalwa ce: ba a amsa masa, ba a kiran sunansa.

A shekarar nan wata baƙar ɓauna ta tare rafi, kibiya na lanƙwashewa a jikinta. Jatau ya ce zai je. Shi baƙo ne, kuma a garinsu saurayi kan kife tukunya a gaban wadda yake so, alamar ba wata mace da za ta ƙara zuba masa ruwa. Ba wanda ya tuna ya gaya masa al'adar wannan gari. Da sassafe ya kife tukunyarsa a gindin kukar saboda Gwamma, ya tafi.

Ya dawo da ƙaho a hannu, Jatau gagara ɓauna, namijin da ya buɗe wa gari rafi. Makaɗa suka sunkuyar da kai.

"Baba Sarkin Dawa, ga ƙahon!" in ji shi. Tsohon ya juya masa baya.

Ya nufi kukar. "Gwamma, har da ke? Taɓa hannuna mana. Fatalwa na zufa?"

Gwamma ta gane abin da ya faru. Amma an ce idan mai tsafi ta amsa wa matacce, ruwan sama zai ɗauke wa gari. Ta dubi gonakin mutane, ta ci gaba da shara.

Jatau ya yi bukka a ƙetaren rafi. Kullum yana gaida masu ɗiban ruwa, kullum shiru. Kafin kaka ya rame ya mutu.

Har yau matan garin ba sa kife tukunya ko don ta bushe, jingine ta suke yi. Sun ce sun gaji hakan ne daga Gwamma, wadda ta haƙa masa kabari ita kaɗai, sannan ta tsaya ta ɗaga murya har masu ɗiban ruwa suka ji:

"Jatau, na makara, amma na amsa. Muddin ina numfashi, ba za a ƙara binne mai rai a gindin kukar nan ba."