Masunci da Kifin Cokali

Ke Damaris, kina zuwa makaranta kullum da jaka a baya, amma ni da ban taɓa riƙe alli ba za ki zo ki tambaya misalin da za ki kai wa malamin Lahadi? To me kuke karantawa? Zauna. Kai Filibus, cire hannunka daga tukunyata. Sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani mutum, masunci ne, yana zaune a bakin wani babban kogi. Da sanyi ya shigo, ƙasa ta bushe, tanar da ake sa wa ƙugiya ta yi wuyar samu, manyan kifaye kuma suka koma can ƙasan gurbi suka kwanta. Sai mutumin ya ce a ransa, bari in yi kifin ƙarya. Ya karya bakin cokali, ya daddake shi, ya goge da toka har yana ganin fuskarsa a ciki. Ya ɗaura masa gashin farin zakara ya zama wutsiya, ya cire jan dutse ɗaya daga abin wuyan matarsa ya zama ido, ya ɓoye ƙugiya uku a ƙarƙashin gashin. Kwana tara yana wannan aiki. In ya ja shi a cikin ƙwaryar ruwa, sai ka rantse rai gare shi.

To, a wannan kogi kowa ya san ƙa'ida. In kana neman giwan ruwa, a jikin gora ake ɗaure igiya. Kifi ya kama, ka saki goran, ya yi ta ja har ya gaji, kai kana binsa a hankali. Wani lokaci gora ya tafi ke nan. Ka koma gida hannu wofi, amma ka koma.

Mutumin nan ya dubi aikin hannunsa, ya kasa. Ya ɗaure igiyar a wuyan hannunsa, ƙulli biyu.

Matarsa ta ce, "Maigida, ga goranka ka manta."

Ya ce, "Kwana tara na yi, in ba wa gora ajiyarsa? Ke dai hura wuta."

Ya tuƙa kwale-kwale zuwa tsakiyar gurbi da rana tsaka. Ruwa ya kwanta lif kamar mai a kasko. Ba iska, ba kukan tsuntsu, har kwaɗi sun yi shiru. Ya saki abin, yana kallonsa yana sauka yana walƙiya, shi da kansa ya kasa ɗauke ido.

Ba a fizga ba. Igiyar ce kawai ta miƙe, sannu, kamar yadda ake jan akuya zuwa kasuwa. Kwale-kwale ya fara tafiya ba mai tuƙi. Ya leƙa, sai ya ga wata inuwa da ta fi jirginsa tsawo, da ido ɗaya buɗe yana dubansa.

Wuƙa tana nan a ƙugunsa. Ya zare ta, ya ɗora a kan igiyar. Masu wanki a gaɓa suna ihu, "Yanke! Bawan Allah, yanke!" Ya ce, "Bari ya gaji tukuna." Hannunsa ya shiga ruwa har gwiwa. Ya ce, "Saura kaɗan." Ya shiga har kafaɗa.

Ruwa ya rufe, ko kumfa bai yi ba. Kwale-kwale ya dawo gaɓa shi kaɗai, wuƙa a ciki, a bushe.

Ma'anar wannan misali ita ce, ku buɗe kunne. Kogin nan duniya ce. Abin da ke kwance a gurbi Shaiɗan ne, ba ya gaggawa, ba ya fizga. Kifin cokali kuwa duk abin da ka ƙera da wayonka har ka so shi fiye da ranka, ko sana'a ce, ko ƙaryar da ta taɓa fisshe ka, ko yabon mutane. Ubangiji bai hana kowa kamun kifi ba. Ya ba ka gora, ya ba ka wuƙa, ya tsayar da masu yi maka ihu a gaɓa, su ne iyayenka da fastonka da tsohuwar da kuke cewa ta cika faɗa. Amma ba zai yanke maka ba. Na binne mutane da yawa a garin nan, kuma ban ga wanda aka ja da ƙarfi ba. Kowannensu "saura kaɗan" yake cewa.

Kowa ya shafa wuyan hannunsa ya ji me ke ɗaure a wurin. Ban ce ku gaya mini ba, ku gaya wa Allah.

Ku tashi. Filibus, rufe kaji. A yi addu'a a kwanta, kada in ji tari.