Mutumin da Ya Sayar da Yini Ɗaya Sau Biyu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda magina ke cewa da ido kawai yake gane bango ya karkace. Leburori sun ce bai taɓa yi musu tsawa ba. Matarsa kuwa takan ce cikin raha agogo ta aura, ba mutum ba. Na zauna da waɗanda suka yi aiki da shi, na saurare su, ban ji wanda ya kira shi mugu ba.

Sana'arsa kula da aikin gini. Ba ma'aikacin kowa ba ne. Ɗan kwangila zai ɗauke shi na wata shida ko takwas, ya tsara wa kowa aikinsa, a biya shi a kan kowane yini da ya tsaya a wurin. Masu wannan sana'a suna da wata al'ada: suna faɗa wa juna abin da suke karɓa a yini, don kada ɗan kwangila ya ware ɗayansu ya murɗe shi. Amana ce a tsakaninsu.

Yayan matarsa ne ya koya masa aikin. Wata rana mutumin nan ya ji za a gina makaranta mai bene, kuma da Yayan ake ciniki. Bayan la'asar ya same shi a gida.

"Yaya, a babban aiki irin wannan, nawa mutum zai faɗa bai ji kunya ba?"

Yaya ya yi dariya ya ce, "Manaja, har ka fara ajiye tumbi ba ka san kuɗinka ba?" Ya faɗa masa nasa. Ya ƙara da cewa, "In ka faɗa suka yi shiru, kai ma ka yi shiru. Kada ka tsorata ka yi ragi."

Washegari mutumin nan ya shiga ofishin ɗan kwangila, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da Yaya ya faɗa masa. Aka ba shi aikin. A bakin ɗan kwangilar Yaya ya ji labari. Daga ranar ya daina kiransa.

To, me mutumin nan ya samu? Kuɗin da ya amince da su ba su riƙe gida ba. Labari kuma ya zaga cewa ga mai araha, duk inda ya je da wannan farashi ake tararsa. Maimakon ya koma ya gyara, sai ya karɓi aiki na biyu a ɓoye, ginin shaguna a ɗaya gefen gari. Da safe ya sa hannu a nan, da azahar ya sa hannu a can, kowanne ya biya shi cikakken yini.

Yini nawa Allah yake ba bawa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta? Ɗaya ne. Shi ya sayar da shi ga mutum biyu.

Wata huɗu yana haka. A mota yake cin abinci. Takalmansa ba sa rabuwa da siminti, idanunsa kullum jajaye. In matarsa ta ce, "Baban yara, yaushe za mu je gaida Yaya?" sai ya ce in aiki ya lafa.

Ran nan yana wurin shagunan, rana ta take, ana gardama a kan rodi, sai shugaban kafintoci ya kira shi daga makaranta.

"Oga, mu cire katakon da ke tokare da benen?"

Kankaren bene yana buƙatar makonni kafin ya iya ɗaukar kansa. Na shagunan ya yi sati uku. Na makarantar kwanansa tara. A gajiye yake, kwanakin suka cakuɗe masa. Ya ce, "Ku cire."

Benen ya rufto. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wani kafinta mai 'ya'ya biyar bai sake taka ƙafarsa ta dama ba.

Da aka zauna bincike, tambaya ɗaya aka yi masa: kana ina? Littafin sa hannu ya nuna yana makaranta. Sai aka kawo littafin shagunan, ga sa hannunsa a rana guda. Aka kore shi nan da can. A wannan sana'a babu mai manna talla, baki ne ke kai mutum aiki, kuma bakin ne ya rufe masa kowace ƙofa. Ya sayar da mota ya yi jinyar kafintan. Shekara biyu babu wanda ya tambaye shi nawa yake karɓa a yini.

Ya 'yan uwa, ciniki halal ne. Ka faɗi kuɗinka, ka tsaya a kai, ko ka rage don ra'ayin kanka. Amma kada ka je da sunan neman shawara ka ɗauke abincin wanda ya buɗe maka cikinsa. Kuma in an biya ka yini, ka ba da yinin. Mu nawa ne a nan muke sa hannu a inda ba ma nan? Na gaji da ganin mutanen kirki suna lalacewa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa abin da muke kaiwa gida ya zama na guminmu.

A ƙarshe matarsa ce ta sa shi gaba har ƙofar Yaya. Sun same shi ya tsufa, yana zaune a kujerar roba. Mutumin nan ya durƙusa a gabansa. Yaya ya bar shi har ya buɗe baki da kansa.

"Yaya, ran nan ba shawara na zo nema ba. Na san abin da nake yi. Na cuce ka. Ka yafe mini."