Hoton Kwalaben Direba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, malamin jami'a, mai bincike a cikin unguwanni. Ya tara matasa goma sha biyu, ya raba masu kyamarori, ya ce kowa ya ɗauko hoton abin da ya fi damunsa. Ya yi masu alkawari: babu hoton da zai fita sai da yardar mai shi.

Wata yarinya 'yar shekara sha shida ta kawo hoton kwalaben magani a ƙarƙashin gadon mahaifinta. Farfaɗiya gare shi, yana ɓoyewa, kuma shi ke tuƙa motar 'yan makaranta.

Ta ce, "Malam, kai kaɗai na nuna wa. In aka sani, korar Baba za su yi."

Malamin ya auna lamarin. In ya yi shiru, yara talatin ke shiga motar nan kullum. In ya faɗa, ya ci amana. Yana buɗe hoton, yana rufewa.

Da ya nemi shawarar abokiyar aikinsa, ta ce, "Kira yarinyar, ku sami uban tare. A kai shi asibiti, a canza masa aiki."

Ya ce, "Sai bayan taron nuna hotuna. Kin ga hoton da ya kai wannan taɓa zuciya? Ai babu suna a jiki."

Ta ce, "Su Malam Babu-Suna! Unguwar da ake gane mutum da silifas ɗinsa?"

Al'adar irin wannan bincike, in an gama, sai a kira mutanen unguwa a nuna masu abin da aka samo. Bai tambayi yarinyar ba, ya rataya hoton. A cikin hoton, gefen kwalaben, ga makullin mota mai jan zare. Shugaban makarantar ya matsa, ya gane makullin, ya karanta sunan maganin. Direban yana tsaye a bayansa.

Washegari aka karɓe makullin. Har yau uban bai kalli 'yarsa ba. Matasan suka zube kyamarori a teburin malamin, jami'a ta hana shi bincike.

Yanzu malamin yana cewa wai ran yara talatin ya ceto. Ƙarya! Mako uku motar tana kai da kawowa, yana jiran ranar tafi. Ina ceton yake?

Mu masu karatu, yaro in ya buɗe mana cikinsa, amana ya ba mu, ba kayan ado ba. Cire suna ba rufin asiri ba ne. In sirrin ya yi maka nauyi, koma wurin mai shi ku ɗauka tare.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda bai iya kare kansa ba.