Waken Anaruwa

An yi wani sarki mai birni a kan tudu, wanda mutuwar yara a Unguwar Gangare ta hana shi sukuni kowace damina. Da ya nemi bayani, waziri ya ce ai ƙazantar mutanen ce, a kore su bayan ganuwa tun annoba ba ta hauro ba. Sarki ya yanka wa'adin kwana bakwai, in ba a zo da wata hujja ba, a tashe su.

To, akwai wani tsoho a unguwar, Anaruwa mai haƙa kabari, wanda ya shekara talatin yana jefa ƙwayar wake a tulu duk ranar da ya binne yaro, bai kuwa manta gidan da kowace gawa ta fito ba. Ran cikar wa'adi ya iso fada da kwandon laka a ka. Fadawa suka tuntsire da dariya, su da ko hanyar Gangare ba su sani ba!

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni jahili ne, ban iya hujja da baki ba. A yi mini izini in gina birninka."

Nan ya gina shi da laka, fada a sama, majema da marina a tsakiya, har da ɗan tudun ƙasar da kowane maigida ke tarawa a ƙofarsa da damina don ruwa ya wuce gaba. Ya jera wake, kowace ƙwaya a gidanta, sa'an nan ya tsiyaya ruwan buta a kan fada. Ruwan ya bi ƙofa-ƙofa, kowa na tura wa na ƙasa da shi, ya ratsa majema da marina, ya je ya kwanta a bakin rijiyar Gangare, inda wake ya yi tsibi.

Sarki ya ce, "Laifin wa ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya nufe mu da sharri. Kowa gidansa ya tsare. Mu dai ba mu da na ƙasa da mu."

Sarki ya ga hannun tsohon a dunƙule, ya tambaye shi abin da ya ɓoye.

"Ƙwayar jikata ce, Lantana. Bara na binne ta. Na kasa sa ta cikin ruwan nan karo na biyu."

Wallahi sai sarki ya ja rawani ya rufe fuska. Da ya ɗago ya janye hukuncin kora, ya umarta a fara rushe tudun ƙofar fada, a haƙa magudana har bayan ganuwa. Ya ba Anaruwa riga, ya ɗora shi a kan aikin.

Tsoho ya yi godiya, ya gangara gida da ƙwayarsa a hannu, ba mai taryensa a ƙofa.

Ku sani, jama'a, ba a zauren fada ake auna adalcin sarki ba, sai a gidan da ruwan kowa ke ƙarewa.