Ranar Da Hinokidani Ta Hau Jirgi

"Mutum arba'in, Tokuji! Arba'in cif!"

"Arba'in ɗin za su ina?"

"Ina ruwanka da inda za su? Su dai hau!"

"Gonzo, tun muna aji ɗaya kake satar amsa. Har yau ba ka tuba ba?"

Ku tsaya ku ji masomin rigimar. Akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa a ƙauyen Hinokidani, can cikin duwatsu. Iyayen waɗannan tsofaffin biyu ne suka gina ta da itacen dajinsu, shekara saba'in da suka wuce. Zamanin lodin katako ma'aikatanta tara ne. Yanzu ko ɗaya babu. Jirgi mai tarago ɗaya ke tsayawa sau uku a rana, ka hau, ka zari 'yar takarda mai lamba a bakin ƙofa, ka biya direba in za ka sauka.

Tokuji shi ne shugaban tashar na ƙarshe. Shekara goma sha tara da ritayarsa, amma kullum yana nan da tsintsiya, yana share dandamali, yana rusuna wa jirgi har ya ɓace.

Gonzo kuwa shugaban ƙungiyar ƙauye ne. Kafin ya yi magana sai ya ja iska ta haƙora, "ssss," kamar wanda shayi ya ƙone wa harshe, sannan ya turo ƙirji.

Wasiƙa ce ta zo daga kamfanin jirgi: ranar Alhamis za a zo ƙirga fasinja, kuma duk tashar da ba ta samun mutum biyar a rana za a rufe ta a ƙarshen Maris. Shi ne Gonzo ya ce kowa ya fito ya hau. Tokuji ya ce shi kam ba da shi ba.

Alhamis da safe ƙauye ya fito ƙwansa da kwarkwata. Kowa cikin kayan zuwa biki, warin kafur har kan titin jirgi, kuma ba mai ko jaka a hannu.

Jirgin ƙarfe bakwai ya tsaya. Wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Kuwabara ta sauko da ɗan abin ƙirga a hannunta. Gonzo ya rusuna har ya kusa cin ƙasa, ya liƙa wa sunanta "san," kalmarsu ta girmamawa.

"Ssss... a yi mana haƙuri da cunkoso, Kuwabara-san. Kullum haka muke fama."

Ta danna, kat, kat, kat, har arba'in da ɗaya. Jirgi ya kwashe su duka, har da Gonzo.

Abin da Gonzo bai lissafa ba shi ne, jirgi na gaba sai ƙarfe ɗaya. Ya bar baƙuwar awa shida tare da mutum ɗaya tilo da ya ƙi shiga shirinsa.

Tokuji ya zuba mata shayin sha'ir, ya raba ɗunƙulen shinkafarsa biyu. Ta ci, ta yi godiya, sannan ta dube shi.

"Tokuji-san, kullum haka suke hawa?"

Kalma ɗaya ce, "eh," tashar ubansa ta tsira. Ya kalli benci, ya kalli rufi.

"Mutum uku ne," ya ce. "Wata rana biyu."

"Su waye?"

"Wata ɗalibar sakandare, da wani ma'aikacin gidan waya. Sai Fumie-san, tsohuwar nan mai sanda. Wankin ƙoda take zuwa asibitin gari, sau uku a mako. Yau sauran biyun ba su fito ba, ita kaɗai ce ta hau don tana da wurin zuwa."

"Ba ta iya zuwa a mota?"

"Da rani tana iyawa. Amma daga Disamba dusar ƙanƙara kan toshe hanyar mota kwana biyu, har uku. Jirgi kuwa yana zuwa. In ta tsallake wanki biyu a jere..." Bai ƙarasa ba.

"Wa ke kwashe ƙanƙarar dandamali, tunda ba mu da ma'aikaci a nan?"

"Wani tsoho ne mara aikin yi."

Ta yi dariya ta rufe baki da hannu. "Tashoshi shida na zaga. Ko'ina an cika mini jirgi da masu kayan biki. Kai ne na farko da ya ba ni abin da zan rubuta."

Da mutanen gari suka dawo suka ji abin da ya faɗa, sai ƙauye ya juya masa baya. Ba wanda ya zage shi, ai ba a haka a Hinokidani. Sai dai rusunawar da ake masa ta koma ɗan gyaɗa kai, kamar ana korar ƙuda. Gonzo ya same shi a dandamali.

"Ssss... ka kashe mu, waliyyi. In an rufe, sai ka riƙa share wa dila hanya."

Tokuji ya ci gaba da shararsa. Sati uku yana zuwa da tsintsiyarsa, bai sani ba ko aikin banza yake.

Sai wasiƙa ta biyu ta zo. Ba za a rufe tashar ba, saboda mara lafiyar da ba ta da wata hanya da hunturu. Sharaɗi ɗaya ne: ƙauye ya ɗauki nauyin shara da kwashe ƙanƙara, ƙarƙashin kulawar Tokuji.

Shi ya tsara jerin masu aiki. Watan Janairu, da sassafe, ya faɗa kan Gonzo.

Ranar farko ƙanƙara har gwiwa. Gonzo yana nishi da shebur, Fumie-san na zaune a benci tana nuna masa inda ya bari da sandarta. Ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya turo ƙirji.

"Ssss... ku ba ku gane ba. Ai da gangan na kwashe mutane, don in bar su su yi magana a tsanake."

Fumie-san ta ɗaga sandarta, ta nuna masa wani wurin da ya bari.

Darasi: Ƙarya ko ta tara mutum arba'in, ba ta kai gaskiyar mutum ɗaya nauyi ba. Faɗi gaskiya ko da za a daina gaishe ka, kuma ka yi haƙuri da abin da ya biyo baya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman Gonzon unguwarku.