Daraktan da Ya Sayar da Kujerar Koci

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wata ƙaramar jami'a a nan Kentucky. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, 'ya'yansa ma suna cikin gari. Shi ne daraktan wasanni. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Mutum ne dai mai son yabo, mai riƙo a zuci.

Wata shekara tsohon kocin ƙwallon kwando ya ajiye aiki, zaɓen magajinsa ya faɗo wuyan darakta. Kwamitin malamai ya zauna sati uku, ya kawo masa suna ɗaya: Lemuel Gaither, mataimakin koci, shekara goma sha bakwai yana wurin. Shi ke bin 'yan wasa aji-aji ya ga ko sun shiga darasi. Shi iyaye ke kira in 'ya'yansu sun yi shiru.

Amma darakta ba ya ƙaunarsa. Me ya yi masa? Wata rana a taro darakta ya ce a ƙara wasannin nesa a makon jarrabawa, sai Lemuel ya ce, "Yallaɓai, 'ya'yan mutane ne fa, ba dawakin sukuwa ba." Aka yi dariya. Shekara huɗu dariyar nan tana cin ransa.

Ana cikin haka sai wani attajiri, Hollis Braddock, dillalin motoci, ya gayyace shi cin gasasshen nama a gonarsa. Yana suɗar yatsu ya ce, "Saurara, ɗan nan. Dala miliyan takwas zan ba ku, ku gina sabon zauren wasa. Amma ba zan zuba kuɗina in zauna ina kallon wancan salihin ba, kamar mai jan waƙa a coci. Rusty nake so. In ya daka tsawa, har kwandon sai ya girgiza."

Rusty Colvin abokin kamun kifin attajirin ne, koci a wata makaranta can kudu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Darakta ya ce, "Ai an gama, Yallaɓai."

Allah bai bar shi cikin duhu ba. Wata ma'aikaciyar jinya daga makarantar Rusty ta rubuto masa wasiƙa, ta ce mutumin nan yana sa samari gudu a tsakar rana, ya hana su ruwa, biyu sun taɓa suma a hannunta. Darakta ya karanta sau biyu. Ya ce a ransa, wane koci ne ba shi da maƙiya? Ya jefa ta a aljihun tebur.

Ku ji wani abin kuma. Bayan ya riga ya sa hannu da Rusty, ya kira Lemuel ganawar neman aiki, don kada a ce ba a bi ƙa'ida ba. Bawan Allah ya zo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya yi awa biyu yana bayani, darakta yana gyaɗa kai. Da labari ya fito, Lemuel ya kwashe kayansa a kwali, ya koma koyarwa a sakandare.

Watan Yuli ya zo da zafinsa. Rusty ya sa 'yan wasa hawa da saukar matakalan filin wasa. Akwai wani Dontrell, ɗan shekara goma sha tara, ya ce kansa na juyawa. Rusty ya ce, "In nono kake so, koma wajen uwarka!" Dontrell ya ci gaba da gudu har ya faɗi. Ya rayu, amma ƙodarsa ta mutu. Sau uku a sati ake yi masa wankin ƙoda har yau.

Darakta ya je asibiti da furanni. Mahaifiyar saurayin ta tare shi a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Koci Lemuel ne ya zauna a falona, ya ci abincina, ya ce zai kula min da shi. Shi na ba wa ɗana. Kai ka ɗauke shi ka ba wani. Ka tambaye ni?"



Lauyoyi suka shigo, ma'aikaciyar jinya ta yi magana, aka buɗe aljihun tebur. Da 'yan jarida suka je wa Braddock, sai ya buɗe hannu ya ce, "Ni motoci nake sayarwa. Me na sani game da ɗaukar koci?" Jami'a ta kori darakta. Shari'a ta cinye gidansa. Matarsa ta koma wajen 'yar uwarta. Waɗanda suke rububin zama kusa da shi ranar wasa, yanzu in ya kira ba sa ɗauka. Yana nan a wani kantin kayan gini, sanye da rigar ma'aikata, yana nuna wa mutane inda ƙusoshi suke. Rusty kuwa, bayan shekara biyu, wata makarantar ta ɗauke shi. Can ma yana da aboki mai kuɗi.

Ya 'yan uwa, na gaji da ba da irin wannan labari, don sunaye ne kawai ke canzawa. Kada wani ya ce shi ba ruwansa da ƙwallo. Wa ka ɗauka aiki a shagonka, wa ka bari? Wa ka tsayar a kwamitin makarantar yaranmu? Don ya cancanta, ko don yana dariya in ka yi raha? Duk kujerar da aka ce ka zaɓa mata mutum, ba taka ba ce. Amana ce, kuma akwai rayukan da ke ƙarƙashinta, waɗanda ba a shawarce su ba. Ranar da za a tambaye ka, mai kuɗin da ka faranta wa ba zai tsaya kusa da kai ba.

Allah ya tsare mu da son zuciya. Allah ya sa kada wani ya cutu ta dalilin zaɓinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yan da aka damƙa a hannunmu. Amin.