Ɗanyen Dutsen Ohaj

Ohaj magini ne a Sawakin. Hannunsa na da kyau, amma bai iya jira ba. Ko gahawa aka ɗora, kafin ta tafasa ya miƙo kofi.

Da Turawa suka mayar da tashar jiragen ruwa Bur Sudan, garinmu ya fara mutuwa a tsaye. Jirage suka daina zuwa, fatake suka kulle gidaje suka bi su. Ohaj ya rantse ba zai zama na ƙarshen tashi ba. Ya samu fili a sabon garin, aka yanko masa dutsen murjani daga teku, ya kama gini da shi ɗanye.

Ko jaririn Sawakin ya san ba a yin haka. Jibge dutsen ake yi, ruwan sama ya wanke gishirinsa, rana ta busar. Kawunsa Hamad, wanda ya koya masa sana'ar, ya yi takakkiya ya je. Ya lashi dutse ɗaya, ya tofar.

"Ɗan nan, gida kake ginawa ko miya kake haɗawa?"

"Kawu, ku da kuka iya jira, ga kyanwoyi can suna haihuwa a shagunanku."

Tsoho ya roƙe shi ya bari damina ta wuce. Ohaj ya ce kafin nan surukansa sun tare a sabon garin, shi ana masa dariya. Ya gama, ya shafe da farar ƙasa, ya kwaso matarsa Madina da 'yarsu Sittana.

Gishiri kuwa bai daina aikinsa ba. Madina ta riƙa share farin gari a gindin bango, tana faɗa masa. Ya ce zai duba, sai ya ƙara shafe.

Wata azahar, bayan an yi ruwa, Sittana tana barci a inuwar bangon, ya zubo a kanta.

Hamad ya zo jana'izarta. Ohaj bai sake gina wa mai rai ɗaki ba. Da furfurarsa na san shi, yana jera wa kaburbura dutse, yana lasar kowanne kafin ya ajiye.

To ku ji da kyau. Aikin da ke son lokaci, ku ba shi lokacinsa. Dariyar mutane ba ta kisa, amma bango yana yi, kuma ba lallai a kan wanda ya gina shi zai faɗo ba.